Shekarar da Tarakta Ta Ci Tuwonmu

Tun kafin komai ya faru ni gabana yake faɗuwa. Kullum da safe in na fito shara sai in tarar da ƙasa a jiƙe a ƙarƙashin tarakta, alhali ba a yi ruwa ba, ba kuma wanda ya yi alwala a wurin. Da fari jiƙon bai fi tafin hannu ba. Da aka kwana biyu ya kai faɗin faifai. Har kaji suka gane wurin, suna zuwa suna tsattsagar laka. Na gaya wa mijina, Baban Ummi, sai ya ce, "Tsohuwa ce, Rabi. Ta girme ni, ta girme ki. Ki bar ta ta ɗan yi gumi." Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Abin da ya dawo min da wannan zance, jiya da la'asar hadari ya taso a nan Ketaren Gwari, cikin Minna. Matan gidan hayarmu suna ta fito da bokitai da robobi suna murna, ni kuwa na tsaya da wanki a hannu ina kallon sama. Ummi da take goye a bayana waccan shekarar yanzu ita ke goyon ƙaninta, amma har yau in na ga hadari a farkon damina ba murna ce take fara zo min ba.

Lokacin muna wani ƙauye gaba da Gwada, ni da shi da mahaifiyarsa, Inna. Shi ne autanta, don haka duk garin Auta ake ce masa. Taraktar gadon mahaifinsa ce. An ce da can ja ce, ni dai launin tsatsa na tarar da ita. Allurar da ke nuna zafin inji ta mutu tun kafin a kawo ni gidan. Da kunne da hanci yake tuƙa ta.

Akwai wata al'ada da ya gada tare da ita. Mai tarakta ba ya fara shiga gonarsa. Sai ya gama wa dattawa da abokan mahaifinsa, ya yi wa maƙwabta, sannan ya juyo tasa. Ba wanda ya kafa masa doka. Kunya ce kawai, kada a ce ya samu ƙarfe ya manta mutane. To da gonarmu ta tudu ce da ban damu ba. Tamu fadama ce, ta shinkafa, tana gangare zuwa rafi. In ba a buga mata haro, ƙarfen da tarakta ke ja yana farfasa ƙasa, an yafa iri kafin babban ruwa ya sauka ba, shi ke nan, ta zama tafki. Tarakta ba ta shiga, in ta shiga ba ta fita. Ita ce kuma abincinmu na shekara, ba mu da wata.

Shi ya sa duk garin ana roƙon ruwa, ni a zuciyata ina cewa Allah ka ɗan jinkirta. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Wa zai ji wannan ya ce kina da hankali?

Bazarar ta yi tsanani. An yi ruwa na farko, ƙasa ta yi ƙamshi, sannan sama ta ɗauke kamar ba ta san mu ba. Zafi irin mai manne wa jiki, ko a inuwa kake gumi na bin ka. Doya ta ƙare tun tuni. Rumbu in ka leƙa sai ka ji muryarka tana dawo maka. Da rana mangwaro, da yamma tuwon alabo, garin busasshen rogo, da miyar kuka in an samu, in ba a samu ba kwaɗon zogale. Ina shayarwa, ruwan nono ya ja baya, Ummi ta tsotsa ta tsotsa ta saki ta yi kuka. Rijiyar gida ta koma sai ka jefa guga ka jira. Yanzu a nan jarka muke saye a bakin ƙofa muna ƙorafin tsada. Can ba mai sayar maka, ƙafarka ce da wuyanka har rafi.

Da ruwa ya dawo aka fara haro, sai yoyon ya ƙaru. Baban Ummi ya yi 'yan layuka ya tsaya, ya jira inji ya huce, ya ɗura ruwa a lagireto, wato tankin ruwan nan na gaba da ke sanyaya inji. Ni ce mai kai ruwan. In goya Ummi, in ɗora bokiti, in bi shi gona gona. Ruwan da zan yi wa yarinya wanka da shi, tarakta ce ke shanyewa.

Gona ta ƙarshe kafin tamu ita ce ta Malam Tanko, aminin marigayi surukina. Gonar masara ce a kan tudu, mai faɗi. Dattijo ne mai faɗa amma ba mugu ba. Yana zaune a gindin ɗorawa yana kallon yadda ake tsayawa ana tashi, har abin ya ishe shi.

"Kai Auta, noma ka zo yi ko shayar da raƙumi?"

"Lagireto ne ke yoyo, Baba."

"Yoyo kawai? Shi ne ka tsaya kana wahalar da yarinyar mutane? Lokacin da nake bin mota zuwa Kuta, in lagireto ya huje garin alabo muke zubawa. Ɗan kaɗan. Ya bi ruwa ya je ya liƙe ramin, mu je mu dawo ba ɗigo."

Baban Ummi ya dube ni. Na san abin da ya rage a ƙwarya, shi ma ya sani. Na ce a hankali, "Ba zai yi tuwo a ciki ba?"

Malam Tanko ya kwashe da dariya. "Ka ji mata! Komai a wurinsu tukunya ne."

Na koma gida na gaya wa Inna. Ta ce, "Kai masa. Ita ke ciyar da mu, yau mu ciyar da ita." Na ɗebi fiye da rabin garin a kwano na kai. Malam ya ce kaɗan, amma Baban Ummi ya zuba, ya duba, ya ƙara, ya sake ƙarawa, wai don ya kama da kyau kada a sake tsayawa. Ina kallo har gindin kwano ya bayyana. Ranar abin da muka tuƙa bai fi kunu kauri ba.

Washegari na fito shara, ƙasa a bushe. Wallahi har na yi guɗa a zuciyata. Inna ta ce, "Kin gani? Manya ba sa faɗar banza." Baban Ummi ya fita da sassafe yana fito da baki, ya ce in Allah ya yarda yau zai gama wa Malam, gobe fadama.

Rana ta take tsaka na kai masa ɗan abin da zai sa a baki. Tun daga nesa na ji sautin ya canza. Tarakta tana ja da ƙyar kamar wanda ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa. Sai wani wari, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Kafin in ƙarasa na ji wani huci mai ƙara, farin tururi ya tashi daga gaba ya rufe shi. Ya kashe inji ya diro. Na ga ya cire hula ya nannaɗe a hannu ya nufi murfin lagireto.

"Baban Ummi, kar ka buɗe! Don Allah kar ka buɗe!"

Ban san muryata tana kai haka ba. Ummi ta firgita ta tsala ihu. Ya tsaya da hannu a sama, ya dube ni, ya ja da baya. Ƙarfen yana ta ƙara shi kaɗai, ɗas, ɗas, kamar ana fasa ƙananan itace.

Sai da yamma ya iya tayar da ita, ita ma da ƙyar. Ya lallaɓo da ita gida ba haro, tana baƙin hayaƙi, saman injin yana ƙas-ƙas-ƙas kamar ana buga cokali a faranti. Gonar Malam Tanko rabi a bugge, rabi a tsaye. Ya ajiye ta a wurinta na kullum. Bai ci komai ba, ba kuma wanda ya yi maganar gari.

Ranar aka kwana ana ruwa. Ba babba ba, amma ya jiƙa. Da gari ya waye na ce zan je rafi, na ratse ta fadama. Can ƙasa ruwa ya kwanta a sawun shanu, kwaɗi har sun fara kuka. Na taka tsakiya, ƙafata ta ɗan nutse amma ƙasa tana riƙewa. Na dawo na gaya wa Inna. Ta ce, "Saura ruwa ɗaya mai ƙarfi. In ya sauka, ko jaki ba ya shiga."

Baban Ummi ya hau mashin ya tafi Minna neman Baba Yakubu. Wani tsohon bakanike ne Bagwari, shi ke gyara taraktar tun zamanin surukina. Bai same shi ba sai yamma, don haka sai washegari suka iso, ranar Asabar. Gajere ne, kansa fari fat, da jakar buhu mai sifanu tana ƙara. Ya gaida Inna har ƙasa, ya tambayi bayan rabuwa, sannan ya ce, "Gobe Lahadi, ni ina coci. Abin da za a yi, yau ne."

Bai taɓa komai ba tukuna. Ya zagaya ta yana kallo. Sai ya zaro wani siririn ƙarfe daga gefen inji, wanda ake duba baƙin mai da shi. Kafin ya duba ya ce wa Baban Ummi, "Yaro na, in man nan ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga ciki. In ya shiga, sai an buɗe kan inji, sai an je neman kaya. Ba aikin yau ba, ba na sati ba."

Na riƙe bakin zanina. Ya ɗaga ƙarfen sama wajen haske, ya shafa a yatsa, ya murza, ya sunsuna. Ya daɗe, ko ni ce na ga ya daɗe.

"Baki ne," ya ce. Haka yake faɗar baƙi. "Allah ya so ku."

Inna ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Ni kuwa na zauna a kan turmi.

Ya buɗe lagireto ya leƙa. Ya karyo tsinke ya zura, ya zaro. Wani abu mai yauƙi ya biyo tsinken, launin toka, yana tsami. Ya duba tsinken, ya duba Baban Ummi.

"Wanene ya dafa tuwo a nan? Ina miya?"

Baban Ummi ya sunkuyar da kai ya ce shawara aka ba shi. Baba ya girgiza kai. Ya ce cikin lagireto ƙananan hanyoyi ne sirara kamar karan tsintsiya, garin ya dahu ya toshe su, ruwa ya kasa zagayawa. "Ka rufe yoyo, ka rufe hanya duka."

Sai ya juyo ya ce, "Wa ke shara a nan?"

Na ce ni ce, Baba.

"Zo, 'yata. Ina ruwan yake ɗiga?"

Na nuna masa. Ba can gaba daidai lagireto ba, ɗan baya kaɗan, kusa da tayar hagu. Ya durƙusa, ya kwanta a ƙasa da tsufansa, ya leƙa sama. Ya ce in kawo masa toka mai laushi daga murhu, Inna kuma ta kawo kanwa in tana da ita. Ruwa kuwa, duk abin da za mu iya ɗebowa.

Wannan ɗiban ruwa ba zan manta da shi ba. Matan maƙwabta suka fito da bokitansu ba tare da an roƙe su ba. Mu gangara rafi, mu hauro, wuya na ƙara, rana na dukan ƙeya. Ba iska ko kaɗan. Ummi ta jiƙe da gumina a baya. Baba ya kwance bututun roba na ƙasa da na sama, ya yi ta ɗura ruwa yana fitowa da gudajin gari. Ya mayar, ya jiƙa kanwa ya zuba, ya ce a tayar da inji ya yi zafi don kanwar ta narkar da sauran. Kafin a tayar ya goge ko'ina ya bushe, ya barbaɗe bututun da gefen injin da toka har suka yi fari.

Inji na ƙas-ƙas ɗinsa, muna tsaye. Da zafi ya kama, Baba ya kira Baban Ummi ya nuna masa da tsinke. A jikin bututun ƙasa, daidai inda ƙarfen ɗauri ya cije shi, tokar ta yi baƙi, wani siririn layi yana gangarowa. Tsagar ba ta fi ƙumbar yatsa ba, ta ɓoye ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Lagireton lafiyarsa lau tun farko. Wannan 'yar tsagar ce ta sa na yi ta jigila, ita ce ta cinye mana gari. Baba ya bari ruwa ya huce kaɗan, ya zubar, ya yanke bakin bututun da wuƙa, ya tura lafiyayyen wurin ya ɗaure. Aka sake ɗurawa, aka sake tayarwa, aka sake zubarwa, har ruwa ya riƙa fitowa garau. Ya cire murfin saman inji, ya bi manyan notunan kan ya ƙara ɗaure su, wai zafin shekaranjiya ya sassauta su.

Azahar ta yi. Na ɗaga kai, sai na ga gabas. Wani farin gajimare ya taru kamar an tara auduga, gindinsa ya fara duhu.

Baban Ummi ma ya gani. Ya ce, "Baba, yoyo ya tsaya. A mayar da murfi in tafi."

"Ka tafi ina? Ba ka ji kara ba? Bawul duk ya kwance. A haka ba zai ja haro a fadama ba. Ka matsa masa, ya kone, ka huta."

"To a saita yanzu."

"Da zafi? A'a. Sai ya yi sanyi."

Ya yi mana bayani, don ya ga duk mun zuba masa ido. Ya nuna wasu ƙarafa a jere a saman injin, kamar kaji sun sunkuya suna cin tsaba. Ya ce su ke danna bawul, ƙofofin da iska ke shiga hayaƙi ke fita. Tsakanin kowanne da bawul ɗinsa akwai ɗan rata, siriri. In ya yi faɗi, inji ya yi ta ƙara ba ƙarfi. In ya matse, ƙofa ba ta rufuwa, wuta ta cinye ta. "Karfe in ya yi zafi yana kumbura, kamar kafar mai ciki. Ka auna da kumburi, ka yi karya."

"Sanyi kamar yaya?" in ji Baban Ummi.

"Yadda matarka za ta iya kwantar da jaririya a kai."

Aka tura tarakta gindin mangwaro. Baba ya zauna a kan tushe ya ɗauki mangwaro yana sha kamar ba abin da ke faruwa. Baban Ummi ya je ya yi salla ya dawo ya taɓa inji, ya janye hannu. Ya kai gwauro ya kai mari a tsakar gida, ya dubi gabas, ya sake taɓawa. Duhun yana hawa. Ganye ko ɗaya ba ya motsi. Tururuwa sun fito layi suna kwashe ƙwansu daga gindin bango, ni kuwa na san abin da hakan ke nufi. Ummi ta ƙi nono ta ƙi goyo.

Ban ankara ba sai na ga Baban Ummi ya sunkuci bokiti cike da ruwa ya nufi injin. Baba Yakubu ya miƙe da saurin da ban zaci yana da shi ba, ya sha gabansa.

"Zuba! Zuba ka ji yadda kan inji zai tsage. Ni in ɗauki jakata, kai ka sayar wa 'yan gwangwan."

"Baba, ruwa zai sauko!"

"Na gani. Ina da ido. Ubanka ma haka yake, ajiye bokitin nan."

Baban Ummi ya tsaya da bokitin, ruwa na zuba a ƙafarsa. Ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba. Ya ajiye. Sai Inna ta shiga ɗaki ta fito da faifai biyu, ta miƙo min ɗaya. Ta tambayi Baba ko fifita ma laifi ne. Ya yi murmushi ya ce iska ba ta fasa ƙarfe. Haka muka tsaya, ni ta nan ita ta can, muna fifita inji kamar tuwon baƙo. Ban sani ba ko ya yi wani amfani. Amma ya fi tsayuwa hannu sake.

Muna cikin haka Malam Tanko ya yi sallama. Ya gaisa da Baba, ya leƙa injin, bai ce komai game da gari ba, mu ma ba mu ce ba. Sai ya ce, "To Auta, in an gama sai ka zo ka ƙarasa min rabin nan kafin ruwa, ko?"

Na san mijina. Na ga bakinsa ya buɗe, na san "to, Baba" ce za ta fito.

Inna ba ta saba sa baki a maganar maza ba. Ba ta daina fifita ba, ba ta ma dube shi ba, ta ce, "Malam, ka ga gabas. Fadamar marayun nan ko layi ɗaya ba a shiga ba."

Ya yi turus. "Ba a shiga ba? Har yau?" Ya juya wajen Baban Ummi. "Kai wane irin yaro ne? Tawa tudu ce, ko jibi aka yi ba ta ɓaci ba. Me ya hana ka faɗa tun farko?"

Baban Ummi ya dubi ƙasa. Ni na san amsar. Ko za a yanka shi ba zai iya faɗa ba.

La'asar ta gota sannan Baba ya ɗora bayan hannunsa a kan inji, ya bar shi ya daɗe, ya ce to. Ya fito da wasu siraran ƙarafa kamar ganyen reza a haɗe, ya zaɓi ɗaya. Ya sa Baban Ummi ya riƙa juya fankar gaba da hannu a hankali, shi yana kallon ƙarafan nan. In biyu na can baya suka zo ɗaya na sauka ɗaya na tashi sai ya ce, "Tsaya," ya koma kan na gaba. Ya sassauta noti da sifana, ya murɗa sukuru, ya zura siririn ƙarfen, ya ja, ya tura. In ya wuce salin-alin ya ƙara matsewa. In ya cije ya ɗan saki. Ya ce so yake ya ji yana ja kaɗan, kamar wuƙa a cikin sabulu. In ya ɗaure notin sai ya sake gwadawa, wani ma ya sake kwancewa.

Aka yi tsawa ta farko can nesa. Iska ta taso mai sanyi, ta kwashi tokar da ta rage ta watsa mana a ido. Inna ta buɗe mayafinta ta kare injin kada ƙasa ta faɗa ciki. Ina ƙirga ƙarafan da ido, ina ganin saura da yawa. Baba bai ɗaga kai ya dubi sama ba ko sau ɗaya. "Juya. Tsaya. Ka wuce, koma."

Da ya mayar da murfi ya ce a tayar, bugu ɗaya ta tashi. Ƙas-ƙas ɗin nan babu shi. Wani gurnani ne mai laushi, irin wanda tun da na zo gidan ban ji ta yi ba. Ba wanda ya tsaya yabawa. Malam Tanko da kansa ya bi su gonarsa aka ɗaura haro, suka gangara fadama. Na goya Ummi, na yafa buhu, na bi da gudu.

Baban Ummi ya so ya fara daga can ƙasa, taya ta juya a wuri ɗaya tana watsa laka, ya ja baya da ƙyar. Ya hauro tsakiya ya kama daga nan yana yin sama. Haro na kifa baƙar ƙasa, ƙamshinta na tashi, sama ta yi baƙi ƙirin har sai da balbelun da ke bin sa suka yi wani irin fari. Idona na kan gaban tarakta ina jiran tururi. Babu. Baba yana tsaye a bakin gona, duk ta wuce sai ya karkata kai ya saurara.

Ɗigon farko a goshina ya faɗo, mai nauyi. Sai ga shi nan ya taho daga gabas kamar bango, ana jin ƙararsa a kan ganye kafin ya iso. Na rufe Ummi da buhu na raɓa gindin bishiya. Baban Ummi bai tsaya ba. Ya yi layi, ya juyo, ya sake, ina ganinsa dishi-dishi ta cikin ruwa. Tayoyin baya suka fara cika da laka suna santsi. Baba ya cire hula yana kaɗawa yana ihu, "Fito! Fito haka nan!" Ya ƙara rabin layi duk da haka, sannan ya ɗaga haro ya nufo tudu. A bakin gona ta tsaya tana tono. Malam Tanko da Baba da wasu da suka fake kusa suka sa kafaɗa, na ajiye kunya na sa tawa da goyo a baya. Ta yi gurnani ta fita.

Abin da aka samu ya ɗan fi rabi. Washegari muka yafa iri a cikin laka, ni da shi da Inna. Na can ƙasa mun gwada da fartanya, ruwa ya kai ƙwauri, muka haƙura. Shinkafar da muka girba ta kai mu har bazara ta gaba, da awo da lallaɓawa. Ba mu ƙoshi ba, amma Ummi ta yi ƙiba, ba mu kuma je ƙofar kowa ba.

Yadda muka baro can muka dawo Minna wani zance ne daban, rashin tsaro ne, duk mutumin ƙasar Shiroro ya san irinsa. Inna ta rasu a nan. Yanzu shinkafa a mudu nake sayowa a Kasuwar Kure, Baban Ummi kuma taraktar wani yake tuƙawa a ƙauyukan da ke kewaye. Bana wani bawan Allah ya ara mana 'yar fadama a bayan gari, mai taraktar ya ce ya yarda Baban Ummi ya shiga da ita duk ranar da ya ga dama. Har yau bai shiga ba. Yau ma da asuba ya fita, gonar wani dattijo a kan tudu.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da zan roƙa ɗaya ne. In mai tarakta ya zo gonarka, kafin ya sauke haro ka tambaye shi ko ya yi tasa. In ya yi shiru yana kallon ƙasa, bai yi ba. In taka tudu ce tasa fadama, don Allah ka ce masa ya je ya dawo. Shi ba zai faɗa da bakinsa ba.